Gyaran tsofaffin tagogin gidanmu na Shefild

Asabar, 15 ga Afrilu 2023

Yau 24 ga azumi, ba ƙarfin ɗaga guduma, saboda haka zagaye kawai na yi da sukundireba da ɗan littafi ina duba tagogin ɗaya bayan ɗaya. Shida ne duka, uku a falo, biyu a ɗakunan sama ta gaba, ɗaya a ɗakin yara ta baya. Gidan irin jerin gidajen jan bulo ɗin nan ne da suka cika Shefild, bango ɗaya da maƙwabci, takardun saye sun ce wajejen 1890 aka gina shi, kuma tagogin na asali ne ba wanda ya taɓa cire su.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsu ba, nan Ingila sash suke ce musu. Ba a tura su waje kamar tagar gida. Murfi biyu ne, na sama da na ƙasa, kowanne yana zamewa sama da ƙasa a hanyarsa, a gefen firem ɗin kuma akwai akwati ɓoyayye, a cikinsa ƙarfen nauyi na rataye da igiya, igiyar ta bi ta kan ƴar taya ta zo ta kama murfin, kamar guga a rijiya mai taya. Nauyin ƙarafan kusan daidai yake da na murfin, shi ya sa in komai lafiya da yatsa biyu za ka ɗaga ta kuma duk inda ka sake ta nan za ta tsaya.

Namu ba ko ɗaya da ke yin haka. Na saman duk an liƙe su da fenti sun zama bango, na ƙasa biyu igiyarsu ta tsinke sai an tokare da littafi, ta ɗakin yara kuwa in iska ta taso kwana take tana kaɗawa ƙwas ƙwas, sanyi na shigowa labule na motsi. Watan jiya wani kamfani ya turo mutum, ya tsaya daga tsakiyar falo ya ce duk sun mutu a cire a sa na roba, wallahi ko taɓa katakon bai yi ba. Abun ya tsaya min a rai, shi ne yau na bi ina soka sukundireba. Ko'ina tauri kamar ƙashi, sai ƙasan murfi biyu da kusurwar dokin tagar ɗakin yara, wato katakon nan mai kauri da taga ke zama a kai, nan ne ya nutse kamar cikin burodi. Ruɓar duka ba ta wuce tafin hannu uku ba a tagogi shida. A kan wannan za a zubar da su bola? Na ce wa uwargida bayan salla zan fara da ta yara.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Kafin in kankare komai na sayo ƴan sandunan gwajin dalma, ana yanka fentin har ƙasa a goga, in kan ya koma ja to akwai. Ya koma ja nan take. Dama na zata, gidajen da suka girmi 1960 kusan duk da shi, kuma sai 1992 aka hana sayar wa jama'a fenti mai dalma a ƙasar nan.

Ni ba sai an min dogon bayani a kan gubar dalma ba. Duk wanda ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare da ake daka a cikin gida, ba zai yi wasa da ƙura a ɗakin da ƴaƴansa ke kwana ba. Ƙurar ce matsalar, ba a ganinta, yaro ya dafa ƙasa ya sa hannu a baki shikenan. Don haka mun yi doka: yara sun koma ɗakinmu, ɗakinsu na kwashe komai na shimfiɗa leda na liƙe ƙofa da tef, ba samfefa a bushe sai da ruwa, takunkumi mai tacewa na gaske ba na korona ba, kayan aiki a cire su a bakin ƙofa a wanke su daban. Uwargida ta ce, Baban yara in dai za ka kiyaye wannan na yarda, in ba haka ba a bar tagar yadda take. Ta fi ni gaskiya.

Asabar, 6 ga Mayu

Duk unguwa na gaban talabijin ana kallon naɗin Sarki Charles, ni ina sama da cizal. Dattijon da ke gidan kusa da mu, kafinta ne da ya yi ritaya, tun da ya ji zan gyara ba zan cire ba ya ce duk ranar da zan buɗe in kira shi. Ya zo da sandarsa ya zauna a bakin ƙofa yana nuna min.

Nan na ga abin da ya burge ni. Tagar nan an ƙera ta ne don a riƙa kwance ta. Siririyar sandar da ke riƙe murfin ƙasa ta ciki, ƙusa ce kawai ke riƙe da ita, ka yanka fentin da wuƙa, ka sa cizal daga tsakiya ba daga kusurwa ba, ta lanƙwaso ta fito. Murfin ƙasa ya biyo. Sai sanda ta biyu da ke raba hanyoyin biyu, ita ko ƙusa babu, cusa ta aka yi a rami. Murfin sama ya ɗan ba ni wuya saboda fenti, sai da na bi gefensa sau uku da wuƙa. Daga nan dattijon ya ce duba ƙasa-ƙasa a jikin firem za ka ga layi. Na kankare, sai ga ƴar ƙofa ta katako da aka yanka tun ranar da aka yi tagar, don duk wanda zai zo sauya igiya bayan shekaru ya samu hanyar sa hannu. Mutumin da ya yanka ta ya san ba zai ga ranar ba amma ya yanka.

A ciki ƙarafa huɗu na zubi, dogaye kamar taɓarya ƙarama, kowanne da lamba 8 a jikinsa, wato laba 8. Biyu na kwance a ƙasa da guntun igiya. Baƙar ƙurar kwal kuwa na kwashe ta kusan rabin bokiti, ta zamanin da garin nan ke cike da hayaƙin masana'antun ƙarfe. Na rufe ramin tagar da falanki, na sauko da murafen ɗakin ajiya na bayan gida.

Dattijon ya nuna min wasu ƴan ƙahonni biyu da suka zarto a ƙasan murfin sama, ya ce da su ake gane shekarun taga. Na zamanin da can gilashi ƙanana ne, shida sama shida ƙasa, sandunan tsakani na taimakawa wajen riƙe murfin. Da aka soke harajin gilashi a 1845, aka soke harajin taga a 1851, manyan gilasai suka yi araha, sandunan suka ragu, nauyi ya koma kan kusurwa, shi ne kafintoci suka ƙara ƙahon don haɗin ya yi ƙarfi. Ya kuma ce abin da ya sa firem ɗin ya shige cikin bango bai fito fili ba, tsoron gobara ne tun bayan wadda ta cinye Landan a 1666, dokar 1709 ta ce a ja taga ciki inci 4, ta 1774 ta ce a ɓoye akwatin bayan bulo, daga baya salon ya bazu sauran garuruwa.

Asabar, 20 ga Mayu

Sati biyu ina kan cire fenti, bayan aiki awa ɗaya awa biyu. Na ƙirga hawa bakwai, fari, fari, ruwan madara, kore mai duhu, can ƙasa ruwan ƙasa. Da na'urar zafi mai ɗumama fenti a hankali nake yi don kar dalmar ta zama hayaƙi, in ya yi laushi in kankare.

Yau na fasa gilashi ɗaya. Ina tausasa tsohon foti, wato kwaɓin da ke riƙe gilashi a jikin katako, na bar zafin ya daɗe a kusurwa, sai na ji ƙas, tsaga ta tafi tun daga ƙasa har sama. Raina ya ɓaci sosai, na zauna na yi shiru. Gilashin nan ba irin na yanzu ba ne, in ka duba ta cikinsa bishiyar waje tana ɗan rawa kamar a ruwa, akwai ƴan ƙwayoyin iska a ciki, hura shi aka yi aka tsaga aka shimfiɗa. Na yanzu mai santsi sumul, kamfanin Pilkington ne ya fito da hanyar yin sa a 1959, kuma in ka haɗa su a taga ɗaya ko daga titi za a gane. Shekara 130 yana nan, yaƙin duniya biyu ya wuce ta kansa, ya zo ya fashe a hannuna. Sauran ukun na rufe su da kwali mai naɗe da takardar alminiyam kafin in kusanto da zafi, sun fita lafiya, na rubuta wa kowanne lamba da inda yake.

Asabar, 10 ga Yuni

Rana ta buɗe, zafi sosai watan nan, katako ya bushe. Ƴar na'urar auna danshi da na saya ta nuna kashi 28 cikin ɗari a ƙasan murfin ranar da na cire shi, yau 13. Ruɓa ba ta kama katako sai danshinsa ya haura 20 ya zauna a haka, kuma in ka yi fenti a kan jiƙaƙƙen katako ka kulle ruwan ne a ciki.

Da na tone wurin ruɓar na gano mafarin abun. Wani can baya ya cike rami da fotin mota, ya bi gefen gilashi da silikon. Fotin mota ba ya motsi, katako kuwa yana kumbura da damina ya tsuke da rani, sai ƴar tsaga ta buɗe a tsakaninsu, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Sannan a ƙarƙashin dokin tagar ta waje akwai wani siririn kwari da aka yanka daga wannan gefe zuwa wancan, aikinsa in ruwa ya gangaro ya tsaya nan ya ɗiga ƙasa kar ya koma jikin bango. Fenti ya cike shi ƙaf. Kamar indararo ne ya toshe a gidan ƙasa, kowa ya san abin da ke biyo baya. Minti goma na yi na tone shi da tsohuwar ƙusa, kuma na tabbata rabin ɓarnar daga nan ta fito.

Na yanke ruɓaɓɓen har sai da zarto ya shiga lafiyayyen katako, sai ƙamshin ƙaro ya tashi kamar yau aka sare itacen. Na ɗauki guntun na gwada da sabon katakon da na sayo a shago. Tsohon layukansa a matse kamar haƙoran matsefi, irin itacen fayin da ake kawowa daga ƙasashen tekun Baltik ne, ya girma a hankali cikin sanyi. Sabon layukan a wawware, farce na shiga. Na ajiye sabon, na je wurin masu sayar da kayan tsofaffin gidaje na samo guntun tsohuwar ƙofa mai irin katakon, can kuma na dace da gilashi mai rawa irin wanda na fasa.

Da yamma na kira kawuna a Zariya ta bidiyo, shi kafinta ne tun ina yaro, a shagonsa na fara riƙe zarto. Na nuna masa. Ya ce, ɗana gara ce ta ci? Na ce Kawu ai nan ba gara. Ya yi dariya ya ce to ruwa ne gararku. Ya ce in yanka haɗin a karkace, gangaren ya kalli waje, yadda ko ruwa ya samu layin zai zubo waje ne ba ciki ba, kuma layin sabon katako ya bi na tsohon don su riƙa motsi tare. Abin da dattijon maƙwabcina ya faɗa min ke nan jiya, kalma ɗaya ba bambanci, mutum biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba. Na ce Allah ya ƙara girma Kawu. Haka na yi, gam mai jure ruwa, sukurori na tagulla ta ciki, na matse na bar shi ya kwana.

Asabar, 24 ga Yuni

Foti. Na asali, alli ne da man linsid kawai, wani mai da ake matsewa daga ƴaƴan shuka. Sai ka murza shi a hannu kamar kwaɓin fulawa har ya yi ɗumi ya daina kama yatsa. Na fara shafa fentin farko a ramin gilashin don kar busasshen katako ya shanye man, na shimfiɗa foti siriri, na kwantar da gilashi ina dannawa ta gefe-gefe ba ta tsakiya ba, na kafa ƴan ƙusoshi marasa kai, sannan na bi da na waje ina ja da wuƙa a karkace. Na farko sau huɗu ina kwashewa ina sakewa, gilashi na huɗu kuwa ja ɗaya ya fita. Tsumman da suka sha man linsid kar a dunƙule su a jefa a kwandon shara, suna iya kama wuta da kansu, ni a bokitin ruwa nake tsoma su.

Laraba babbar salla, aiki ya tsaya.

Lahadi, 16 ga Yuli

Ruwa kullum tun shigowar wata. Foti sai ya yi fata kafin a yi masa fenti, kuma a wannan danshin ya ƙi. Ranar da rana ta ɗan leƙo na fito da murafen waje, na dawo na tarar tsuntsaye sun tsattsage layi guda suna cin man. Na gyara na mayar ciki. Yara sun gaji da ɗakinmu, ƙaramar kullum sai ta tambaya, Baba yaushe za a cire katakon nan mu ga waje.

Asabar, 5 ga Agusta

Alhamdulillahi yau ta koma wurinta. Fenti hawa uku, kuma na bar shi ya hau kan gilashi kamar milimita 2 don ya rufe bakin fotin, nan ne ruwa ke fara shiga. Gefen da ke gogar firem ban yi masa fenti ba, kyandir na goga.

Igiya sabuwa ta auduga mai kakin zuma, milimita 6. Dabarar zura ta, ka ɗaura ɗan guntun ƙarfe a zare, su ɓera suke ce masa, ka jefa ta kan taya ya faɗa cikin akwati, ka kamo ta ƴar ƙofar nan ka jawo igiyar. Ka ɗaure ƙarfen, ka ja shi sama har ya kusa taɓa taya, murfi na zaune a ƙasa, nan ne tsawon igiyar. Kuma kar a buga ƙusa kusa da saman murfin, in ka yi haka ƙusar za ta ci karo da taya murfin ya ƙi kaiwa can sama.

Na ɗora murafen a sikelin banɗaki kafin in rataya. Ƙa'idar ita ce ƙarafan na sama su ɗan fi murfin nauyi don ya zauna a rufe can sama, na ƙasa kuma su ɗan gaza don ya zauna a ƙasa. Na sama ya fito daidai. Na ƙasa ya ƙaru da kusan laba 2 saboda sabon katako da gilashin da na samo ya ɗan fi kauri, da na gwada sai ya riƙa sulalowa, dole na sake buɗewa na zura ƙarin nauyi a igiyar a saman kowane ƙarfe. Sandunan gefe sabbi na sa, masu siririn buroshi a jiki da ke tare iska, daga waje ba a ganinsa.

Na kira uwargida na ce ɗaga. Ta sa hannu biyu ta yunƙura kamar yadda ta saba, tagar ta tafi sama fiu. Ta sake ta, ta tsaya. Ta ce ikon Allah, dama haka take? Dattijon ya hau bene da ƙyar don ya gani, ya ɗaga ya sauke sau uku, ya ce ƙusar sandar hagu ta matse kaɗan in sassauta. Na sassauta. Na wanke ɗakin sau biyu da jiƙaƙƙen tsumma kafin yara su dawo.

Asabar, 9 ga Satumba

Zafi ya dawo, sati guda ana haura digiri 30 a ƙasar. Sai yanzu na gane amfanin murfin sama. Ka sauke na sama kaɗan ka ɗaga na ƙasa kaɗan, iska mai zafi ta fita ta sama mai sanyi ta shigo ta ƙasa, ɗakin yara ya fi ko'ina daɗin kwana a gidan. Shekara nawa mutanen gidan nan suka yi ba su san tagarsu na yin haka ba saboda wani ya liƙe ta da fenti.

Biyun sama ta gaba sun fi sauƙi, ba ruɓa, igiya ce da fenti da foti kaɗan. Ɗaya ta koma, ɗaya na jiran foti ya yi fata. Ta farko wata uku ta ci, wannan sati uku.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Guguwar Babet ta wuce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙauyen Katklif nan kusa da mu gidaje sun cika da ruwa, Allah ya mayar musu da alheri. Daren Juma'a na tashi sau biyu da tocila ina shafa dokin tagar yara, a bushe, labule ko motsi. Da safe na leƙa ta waje na ga ruwa na ɗiga daga kwarin nan da na tone, layi guda, bango a bushe.

Ta falo ta tsakiya ce ta zubar, ruwa ya taru a kusurwar hagu har ya jiƙa kafet. Na soka sukundireba, ruɓar ta fi yadda na auna a Afrilu, ta shiga dokin tagar sosai, kuma shi itacen ok ne, sai na nemo irinsa. Ba zan buɗe ta yanzu ba, sati mai zuwa za a mayar da agogo baya, kafin biyar duhu ya yi, foti da fenti ba sa bushewa a wannan sanyin. Na tone kwarin ƙarƙashinta, na cire silikon ɗin da ke riƙe ruwa, na rufe kusurwar da tef mai hana ruwa ta waje.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Uku sun gama, ukun falo sai bazara. Na auna dokin tagar tsakiya na rubuta, na bar wa mai kayan tsofaffin gidaje saƙo ya ajiye min guntun ok in ya shigo. Sauran igiya mita 9 na naɗe na sa a leda, ba za ta isa uku ba, sai na ƙaro. Dattijon ya aiko jikarsa da cizal biyu nasa tsofaffi, an buga sunan Shefild a jikin ƙarfen, ya ce hannunsa ya daina riƙe su, in wasa su kafin Afrilu. Gobe bayan azahar zan nemo dutsen wasa wuƙa.